Ranar Da Muka Hau Ɗorawa Da Eriya

Shekaru sun ja, sunayen mutane da yawa da na yi aiki da su sun sulale daga kaina. Wani lokaci sai in haɗu da tsohon abokin aiki a kasuwa, mu yi ta gaisawa ina laluben sunansa a zuci. Amma akwai wata rana guda a wani kwari da ke bayan Doguwa wadda ba zan manta da ita ba muddin ina numfashi. Ita ce ranar da muka ɗaura eriya a kan gora muka hau bishiya da ita, saboda wani dattijo da na ɓata wa rai ban san nauyin da yake ɗauke da shi ba.

A lokacin ban fi shekara ashirin da shida ba, ina aiki da wani kamfanin haƙa rijiyar burtsatse mai sansani a kusa da Bagauda. Wayar hannu ko labarinta ba mu taɓa ji ba. Idan tawaga ta shiga daji, abin da ke haɗa ta da sansani shi ne rediyon oba-oba, kuma ni ne mai kula da ta tawagarmu. Sau biyu a rana nake kira, ƙarfe takwas na safe da huɗu na yamma, in faɗi inda aiki ya kai, a faɗa mini abin da ofis ke so.

Gidanmu kuwa mota ce. Wata doguwar bas ce aka cire kujerunta aka sa gadaje huɗu, da ɗan tebur inda rediyon ke zaune, da akwatunan kaya a ƙarƙashin gadajen. A cikinta muke kwana, a inuwarta muke cin abinci. A samanta akwai wata gajeriyar eriya da ba ta wuce kamu biyu ba, kuma duk yawon da muka yi a ƙauyukan Bebeji da Kiru har zuwa Tudun Wada ba ta taɓa ba mu kunya ba, domin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu abin da ke tare magana.

Direban wannan mota wani dattijo ne mutumin Kiru, ya doshi sittin, gemunsa ya yi fari fat. Kowa Baba yake ce masa, har injiniyan da ke shugabantar mu. Ba shi da yawan magana. Kullum bayan sallar asuba sai ya ɗauki tsumma ya goge motar tun daga gaba har baya, ko da kuwa ranar ba inda za mu. Ni kuma, duk da na yi ɗa a wurinsa, Malam yake kirana, wai don na yi boko.

A farkon daminar wata shekara aka tura mu wani ƙauye a bayan Doguwa, cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi ta arewa da yamma. Manoma ne da wata babbar ruga a gefe, dukkansu daga rafi ɗaya suke sha. Ranar da muka isa na kunna rediyo, ban ji komai ba sai shuuu. Na sake gwadawa da safe, haka. Duwatsun sun tare mu. Injiniya ya ce ba komai, tunda akwai ƙaramar mota, duk abin da ya taso sai a je a faɗa. Ba mu yi kwana uku da fara haƙa ba wani ƙarfe a injin haƙar ya karye. Injiniya ya ɗauki ƙaramar motar da leburori, ya ce zai je Kano ya samo wani, jibi yana nan. Aka bar mu mu uku, ni da Baba da kukunmu. Washegari aka kwana ana ruwa, rafin da ke tsakaninmu da titi ya cika ya kawo, ya kwashe 'yar gadar da muka bi muka shigo. Jibin injiniya ya zo ya wuce, ba shi ba labarinsa.

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba a lokacin ita ce, ni shirun nan daɗi ya yi mini. Ba mai tambayata rahoto, ba mai aikena. In karya, in kwanta da littafi, in sha nonon da matan ruga ke kawowa. Ƙarfe takwas da ƙarfe huɗu in kunna rediyo don sauke nauyi, in ce "Sansani, sansani, ga Doguwa, oba," sau biyu ko uku, in kashe.

Abu ɗaya ne ya dame ni, shi ne Baba. Duk lokacin da na zauna gaban rediyon sai in gan shi tsaye a bakin ƙofar mota, hannunsa riƙe da carbi. In na kashe sai ya ce, "Malam, ba a samu ba?" In ce ba a samu ba. Ya ce, "To, Allah ya sa a samu." Ya koma gindin motar ya zauna. Da tafiya ta yi tafiya sai ya fara zuwa tun kafin lokaci, ya ce, "Malam, huɗu ta kusa." Har ya fara cewa ko za a gwada da azahar. Ni kuwa na ɗauka tsoron ofis ne irin na tsofaffin ma'aikata, ko kuma ɗokin komawa gida.

A rana ta bakwai da safe na gwada, ba a samu ba. Ina miƙewa ya ce, "Malam, ko za ka ƙara sau ɗaya?" Ban san sanda na ɗaga murya ba. Na ce, "Haba Baba, don Allah ka ƙyale ni in huta! Ni na dasa duwatsun nan? Na ce maka ba ta kamawa, ba ta kamawa. In kana ganin ka fi ni iyawa, ga ta nan, zauna!"

Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Malam." Ya juya ya nufi bakin rafi.

Har yau in na tuna wannan "Allah ya ba ka haƙuri" sai in ji kunya ta rufe ni. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kukunmu, wani magidanci mutumin Kafin Maiyaki, yana bayan mota yana hura gawayi, ya ji komai. Ya bari sai da Baba ya yi nisa sannan ya kira ni. Ya ce, "Kai, ka san abin da ka yi kuwa?" Na ce ai shi ne ya ishe ni. Ya ajiye maficin da ke hannunsa ya dube ni.

Ya ce, "Matarsa ya baro a kwance. Shekara talatin da wani abu suna tare, ita kaɗai gare shi. 'Ya'yan da suka haifa duk sun koma, sai mace ɗaya da ke aure. Tun bazara ƙafafunta suka kumbura, kumburin ya hau har ciki. Ya so ya nemi a ɗaga masa tafiyar nan, ya ji tsoron kada a ce ya tsufa a sallame shi. Shi ne ya roƙi masinjan sansani ya riƙa leƙa gidan, in da wani abu a sanar da shi ta rediyonka. Ka ga yana cin abinci? Jiya tuwonsa haka na ɗauke shi."

Na ce, "To me ya hana shi faɗa mini?"

Ya ce, "Ka taɓa tambayarsa? Dattijo kamarsa zai zauna ya buɗe wa sa'an ɗan cikinsa zancen iyalinsa? Labarin zuciya ai fuska ake tambaya."

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, na san akwai abin da zan iya yi tun ranar farko ban yi ba. A cikin akwatin da ke ƙarƙashin gadona akwai wata doguwar eriya da ba a taɓa amfani da ita ba, da naɗin waya mai kauri. An ba mu su ne saboda irin wannan wuri. Sai dai dogon ƙarfen da ake kafa ta a kai an baro shi a sansani, ni kuma na riƙe wannan a matsayin hujja. Ba ƙarfe, ba eriya, shi ke nan.

Na jawo akwatin na zazzage shi a ƙasa. Ina cikin warware wayar sai ga Arɗon rugar ya zo, kamar yadda yake zuwa kullum ya ji ko akwai labarin rijiya. Dogon tsoho ne siriri, ba ya rabuwa da 'yar rediyonsa a rataye a kafaɗa. Bayan mun gaisa ya tambaye ni abin da nake yi, na yi masa bayani gwargwado. Ya yi murmushi ya ce, "Ai nan ƙasa ba a jin komai, Malam. Ni ma in ina son tashoshin nesa, can nake hawa." Ya nuna mini wani tudu a gabas da ƙauyen, da wata babbar ɗorawa a kansa. Ya ce daga gindinta, in gari ya yi haske, ana hango wata 'yar kafa tsakanin duwatsun arewa. Na ce masa matsalata abin da zan ɗaga eriyar da shi. Ya ce, "Gora ba za ta yi ba? Ga ta nan cike da bakin rafi."

Na sami Baba zaune a kan wani dutse yana kallon ruwa. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini, ban sani ba." Ya gane kuku ya faɗa mini. Ya ce, "Ba komai, Malam, tashi." Na ce, "Ina so mu kai motar kan tudun can. Za ta hau?" Ya dubi tudun, ya dubi taɓon da ke tsakani, ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Za ta hau."

Tazarar ba ta da yawa, amma sai da ta cinye mana daga hantsi har bayan azahar. Sau uku motar tana kafewa. Mazan ruga da na ƙauye suka fito, wasu na jera duwatsu da rassa a gaban taya, wasu na turawa, taɓo ya wanke mu har ka. Ban taɓa ganin tuƙi irin na ranar ba. Baba yana lallaɓa wannan ƙatuwar mota kamar mai lallashin jinjiri, har ya tsayar da ita 'yan taku kaɗan daga gindin ɗorawar. Kafin nan an saro mana gora biyu dogaye. Muka yanka tsohon tib na taya muka yi igiyar roba, muka haɗa su suka zama ɗaya, na ɗaure eriyar a can ƙarshe. Kan wayar ya yi tsatsa, dole sai an kankare an sake liƙe shi da dalma, ga shi ba ni da abin narkarwa. Kuku ya tura sukundireba cikin garwashi har ta yi ja, da ita na yi aikin, na ƙone yatsa biyu ban ma ji ba sai daga baya.

Muka tayar da gorar a jikin mota wajen ƙarfe uku da rabi. Da huɗu ta yi na kunna. "Sansani, sansani, ga Doguwa, oba." Shuuu. Na sake. A can cikin shuuu ɗin na ji wani abu kamar muryar mutum a ƙarƙashin ruwa, ta zo ta ɓace. Na ce, "An kusa, amma tsayin bai kai ba. Sai an hau da ita bishiya."

Abu biyu ne suka sa hankalina ya tashi. Mai rediyon sansani ba ya wuce huɗu da rabi a kan kujerarsa. Ga kuma hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganye. Duk wanda ya san aikin nan ya san ba a riƙe eriya a sama in ana walƙiya. Na faɗa musu haka ƙarara. Wani magidanci daga rugar ya ce shi zai hau. Baba ya cire hularsa da takalmansa ya miƙa wa kuku. Na ce, "Baba, ka bari masu ƙarfi su hau." Ya ce, "In da abin da zai faɗo, kaina ya kamata ya faɗo wa, ba kan ɗan wani ba." Duk da haka mutumin bai bar shi shi kaɗai ba, suka hau tare, muka miƙa musu gorar suka ja ta har ta leƙa saman bishiyar.

Sai kuma wayar ta gaza, ba ta kai cikin mota ba. Muka ciro rediyon da batirinta muka kawo gindin bishiya, kuku ya riƙe tabarma a kaina saboda yayyafin da ya fara. Na ɗaga kai na ce, "Baba, juya ta wajen kafar duwatsun nan, a hankali." Ya juya. "Ƙara kaɗan. Tsaya! Riƙe ta a nan, kada ka motsa."

Na danna na yi kira. Sai ga murya ta fito tar, kamar mutumin yana bayan bishiyar: "Doguwa! Doguwa! Ina kuka shige? Kwana huɗu muna nemanku. Direbanku yana kusa? Oba."

Mutanen da ke wurin suka yi kabbara. Na ce yana kusa, amma ba zai iya zuwa ba, shi ke riƙe da eriyar, in ya saki mun rabu. Iska ta hana Baba jin abin da ake faɗa. Ya sunkuyo daga cikin rassa, hannayensa biyu a kan gorar, ya ce, "Malam, tambaye shi, tana da rai?"

Ban taɓa jin tambaya ta yi mini nauyi a baki irin wannan ba. Na tambaya. Muryar ta ce, "Masinja ya dawo daga can da hantsin nan. Tana da rai. Amma jikin ya yi tsanani, ta daina cin abinci, shi kawai take tambaya. 'Yarsu ta ce in da hali ya zo yau, kada ya kai gobe. Injiniya yana nan, ya ce direban ya bar motar ya taho, ba abin da zai taɓa aikinsa. Oba."

Na ɗaga murya na faɗa masa kalma bayan kalma, ban rage ba ban ƙara ba. Na ji ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya sake cewa, "Alhamdu lillahi." Sai ya ce, "Ka ce a gaya mata ga ni nan." Ina gama isar da saƙon aka yi wata walƙiya, na yi ihu su saki gorar su sauko. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa na ga ashe tafin hannunsa ya yayyage da kaifin gora.

Saura rafi. Arɗo ya ce in za a ƙetare to yanzu ne, kafin ruwan da ke zuba a kan duwatsu ya gangaro. Akwai wani mashigi can sama inda suke ƙetarar da shanu. Ya zaɓi mutum biyu da suka san ruwan. Baba ya ɗaure kayansa a ka, ya ciro makullin motar ya sa mini a hannu, abin da bai taɓa ba kowa ba. Muka raka su har bakin ruwa. Ruwan ya kai musu ƙirji, suka sa shi a tsakiya, ɗaya riƙe da kowane hannu, suna tafiya a karkace har suka fita can ƙasa da inda suka shiga. Ya juyo ya ɗaga mana hannu, suka shige cikin ruwan sama suka nufi titi.

Washegari muka ɗaure gorar a jikin reshe da kyau, rediyo ta ci gaba da kamawa safe da yamma. Ta cikinta na ji cewa Baba ya sami babbar mota a titi, ya isa gida a ranar. Ta cikinta kuma, kwana biyu bayan haka, aka gaya mini matar ta rasu.

Sai da aka gyara hanya muka fito, ni da kuku muka wuce Kiru gaisuwa. Muka same shi a zaure, ya rame. Bayan an yi addu'a mutane sun ragu, na matsa kusa da shi. Abin da ke cina tun ranar na faɗa masa. Na ce, "Baba, eriyar nan tana cikin akwatina tun ranar da muka isa. Da na ɗaga ta da wuri, da ka ƙara kwana huɗu tare da ita. Lalacina ne."

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce, "Na san tana ciki, Malam. Ni na loda akwatin a mota."

Ashe duk kwanakin nan ya sani, kunya da kawaici suka hana shi ya gaya wa yaro aikinsa.

Ya ce, "Kada ka riƙe wannan a ranka. Na same ta da hankalinta. Ta gane ni, ta sha kunu daga hannuna, ta yafe mini na yafe mata. Ni na rufe mata ido. Kwana biyun nan da Allah ya ba ni ta hannunka ya ba ni su. Wanda bai ba ni ba, dama ba nawa ba ne."

Na yi kuka a zauren nan kamar ni aka yi wa rasuwa, shi ne ma yake ba ni haƙuri.

Baba ya yi shekara biyu yana aiki bayan haka, sannan ya ajiye, kuma ya daɗe da bin matarsa, Allah ya jiƙansu duka. Ni kuwa na ci gaba da aiki a wurare daban-daban har na yi furfura, na shugabanci mutane da dama. Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, duk wanda ka ga yana maimaita maka tambaya ɗaya, kada ka yi saurin cewa ya dame ka, akwai abin da ke bayanta wanda bakinsa ya kasa faɗa, kuma kai ne ya kamata ka tambaya. Sannan aikin da ke hannunka, komai ƙanƙantarsa a idonka, ba ka san wanda rayuwarsa ke rataye a jikinsa ba. Tun daga ranar ban ƙara ce wa mutum "ba zai yiwu ba" sai na tabbata na yi duk abin da zan iya.